Kilomita Na 13 A Hanyar Miriya

Wata safiyar Lahadi cikin watan Oktoba na tsaya cak a gefen kwaltar da ta tashi daga Zinder ta nufi Miriya, daidai alamar kilomita 13, alhali ban yi tuntuɓe ba, kuma babu wata gaɓa a jikina da ta gaza. Mu huɗu muka fito da niyyar cinye kilomita 18 da ke tsakanin garuruwan biyu da gudu. Uku suka wuce, ni kuwa na zauna a gindin wani dogon yaro har mai kabu-kabu ya zo ya mayar da ni gida. Abin da ya fi ci mini rai a kan babur ɗin shi ne, tun kafin mu iso shingen shiga gari numfashina ya daidaita, ƙafafuna sun saki, har na tabbata da za a ce in sauka in ci gaba da gudu, da na iya.

Shekaruna 41, kuma malamin kimiyyar halittu ne ni a wata makarantar sakandare. Ban fara gudu don sha'awa ba. Likita ne ya auna jinina ya ce yana neman hawa, ya ba ni zaɓi tsakanin motsa jiki da shan magani kullum. Shekara biyu ke nan ina sassarfa da asuba, kuma kafin ranar da nake magana na sha yin kilomita 14 a cikin gari, ina zagaye daga unguwarmu zuwa filin wasa in dawo, ba tare da na ji zan faɗi ba. Saboda haka ba zan ɗora wa ƙafa laifi ba. Abin da ya faru shi ne mun makara da fita, rana ta ɗaga ta dube mu ido da ido, abokan tafiya suka fara yi mini nisa, hanya kuma ta miƙe a gabana ba lanƙwasa ba inuwa. Sai na ji zuciyata ta ce, saura kilomita 5, ba za ka iya ba, kuma ma wa ya aike ka? Ban tanadi amsa ba, don haka na tsaya.

Kwana 10 bayan haka, Allah da ikonsa, na taka dutse a wani lungu na Birni na yi targaɗe a idon sawun hagu, aka ɗaure ƙafar aka ce in huta mako 3. A cikin wannan zaman dole ne na je unguwar Zengo gaishe da wani dattijo, tsohon malamin wasannin motsa jiki da ya koyar da ni tun ina yaro, wanda ya daɗe da yin ritaya. Na ba shi labari ina jiran ya ce in ƙara atisaye ko in sauya takalmi. Sai ya tambaye ni, “Kafin ranar, sau nawa ka bi hanyar nan?” Na ce, “Malam, a mota na sha bin ta, amma da ƙafa ranar ce ta farko.” Ya ce ba ƙafa yake nufi ba. Ya sa na rufe ido, ya ce in faɗa masa abin da ke hannun dama na hanya a kilomita 12. Na rufe, ban ga komai ba sai duhu. “To ka gani, ɗana,” in ji shi, “baƙunta ka je, gajiya kuma ta riske ka a inda ba ka san kowa ba.”

Daga nan ya kawo mini misalin da duk ɗan Damagaram ya tashi yana gani. Almajirin da ke hadda, idan ya wanke allonsa rubutun bai tafi ba, domin yana tilawa yana ganin inda ayar ta faɗo a jikin allon, ko sama ko ƙasa, har da wurin da tawada ta yi kauri. Kuma gardin da ya san abin da yake yi ba ya kashe dare a kan surar da ta zauna masa. Wurin da ya saba sarƙewa yake komawa, ya maimaita shi har harshensa ya daina jin tsoronsa. Ya ce masu gudun dogon zango ma haka suke yi wa hanya: suna bin ta da idon zuci, suna jin ta a jikinsu suna zaune, kafin ranar da za su taka ta. Tunda ƙafata na ɗaure, ya ce, ga aikin da zan yi a makonnin nan. Ni dai tun daga ranar na sa wa abin suna bitar zuci.

Makon farko ban yi shi daidai ba, kuma ban san ban yi daidai ba. Bayan sallar isha'i nakan miƙe a kan tabarma in rufe ido, in hango kaina ina shiga Miriya hannuwa a sama, masu sayar da tukwane sun bar kayansu suna tafa mini, abokan nan uku kuwa suna can baya suna haki. Har nakan ara wa kaina tafiyar Eliud Kipchoge, kamar yadda na gan shi a waya ranar da ya yi kilomita 42.195 a birnin Biyana cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a shekarar 2019. Abin akwai daɗi, kuma kullum a cikinsa barci ke ɗauke ni. Da na faɗa wa Malam sai ya yi dariya har da tari, ya ce wannan saƙar zuci ce, irin ta matashin da ke zaune a fada, wato majalisar hirar samari, yana raba kuɗin da bai samu ba. Daga baya na karanta wani bincike da Lien Pham da Shelley Taylor suka wallafa a 1999 a kan ɗaliban wata jami'a a Kalifoniya: an sa wasu su riƙa sawwara kansu sun ci jarrabawa da maki mai yawa, wasu kuma su riƙa sawwara kansu suna karatun, a ina da kuma yaushe. Kashi na biyu ne suka fi samun maki. A matsayina na mai gyaran takardun yara, wannan bai ba ni mamaki ba. Mamakin shi ne yadda na faɗa ramin da nake hana ɗalibaina faɗawa.

Gyaran farko da Malam ya yi mini shi ne, ba a bitar abin da ba a sani ba. Don haka na roƙi ƙanena ya goya ni a babur, muka bi hanyar sau biyu a hankali, da sassafe, daidai lokacin da nake sa ran yin gudun, ina riƙe da littafi da alƙalami. A kowace alamar kilomita sai in ce ya tsaya, in sauka in dubi gabas da yamma in rubuta. Na rubuta hayaƙin masu ƙosai a bakin gari, da shingen jami'an tsaro, da gonakin geron da aka girbe aka bar kara a tsaye, da wuraren da gefen kwalta ya zaizaye har sai mutum ya sauka cikin rairayi idan babbar mota mai zuwa daga Gure ko Diffa ta taho. Na lura cewa dole in bi hannun hagu don in riƙa fuskantar motoci. Na lura kuma da abubuwa biyu da ban taɓa kawowa a rai ba ina cikin mota: hanyar gabas ta nufa, don haka rana a fuska za ta fito mini, kuma iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, wato za ta riƙa dukan kafaɗata ta hagu tana tura ni baya. A kilomita 12 akwai ɗan hawa wanda mai mota ba zai ma san da shi ba, kuma a hannun dama akwai wata kuka mai reshe ɗaya da ya karye ya rataya. A ƙarƙashin wannan na ja layi biyu.

Sannan aka sauya mini lokaci da zama. Malam ya hana ni yin bitar a kwance, ya hana ni yin ta da dare. Bayan sallar asuba zan sa kayan gudu, in ɗaura takalmin ko da ƙafar hagu ba ta shiga sosai, in zauna a bakin kujera a zaure, ƙafafu a ƙasa, in yi minti 15. Ya ce in daina kallon kaina daga waje kamar mai kallon talabijin, in koma cikin idanuna, in ga kwalta tana tahowa ƙarƙashina. Kuma gani kaɗai bai isa ba, sai na ji sautin takalmi, da sanyin safiya a ƴan yatsu, da ƙura a haƙora, da bushewar maƙogwaro. Ganin ya zo mini da sauƙi, amma jin nauyin cinya ya ɗauke ni kwanaki kafin in same shi.

Wata rana ya riƙe agogo ya ce in yi masa kilomita ɗaya a zuci, daga alamar 7 zuwa ta 8, idan na kai in ɗaga hannu. Na ɗaga hannu ya ce minti 2. A zahiri kilomita ɗaya yana cin mini minti 6 da daƙiƙa 15. Ya ce, “Wanda ya yi wannan gudun ba kai ba ne, sai dai ko aljaninka.” Ashe zuciya tsallake take yi, ta ɗauko kuka ta ajiye kusa da shinge, ta haɗiye duk abin da ke tsakani, alhali abin da ke tsakanin shi ne gudun. Maganin da ya ba ni shi ne in riƙa ƙirga taku tare da numfashi, taku uku ina shaƙa, taku uku ina fitarwa, ina ɗan motsa kafaɗu kamar yadda nake yi a hanya. Bayan kwana 10 na kai minti 5 da rabi, ya ce ya isa. Ba shakka mutum ba zai zauna kusan awa biyu yana bin kilomita 18 a zuci ba, don haka yanki-yanki nake ɗauka: mintocin farko na fita gari, wani ɗan wuri a tsakiya, sannan daga 12 zuwa 13 cikakke ba ragi. Na zo na ga cewa wasu masana biyu na Birtaniya, Paul Holmes da Dave Collins, sun tsara sharuɗɗa 7 na wannan aiki a 2001, kuma daga cikinsu akwai yanayin jiki, da wurin da za a yi abin, da daidaita lokaci, da abin da mutum zai ji a ransa, da inda yake kallo daga gare shi. Malam bai taɓa jin sunayensu ba, amma da na karanta masa sai ya ce ai sun yi ƙoƙari.

Ba zan ɓoye ba, ilimin da nake koyarwa ya sa na shiga aikin da shakka. Abin da aka tabbatar shi ne, idan mutum ya sawwara motsi da kyau, da yawa daga sassan ƙwaƙwalwar da ke tsara motsin na gaske suna tashi aiki, har bugun zuciya da numfashi kan ɗan ƙaru. Na gwada a kaina, yatsu a wuyan hannu: kafin bita 68 a minti, ina kan hawan kilomita 12 a zuci kuwa ya haura 80, ina zaune a zaurenmu. A 1992 Guang Yue da Kelly Cole sun sa wasu mutane su yi mako 4 suna sawwara cewa suna tura ƙaramin yatsansu da iyakar ƙarfi ba tare da sun motsa shi ba, sai ƙarfin yatsan ya ƙaru da kashi 22 cikin 100, waɗanda suka yi atisayen na gaske kuwa da kashi 30. Sai dai a nan ne nake ganin masu zumuɗi ke wuce gona da iri. Ƙarin ƙarfin nan daga umarnin da ƙwaƙwalwa ke aika wa tsoka ya fito, ba tsokar ce ta ƙaru ba. Gudun dogon zango kuwa aikin zuciya ne da huhu da hanyoyin jini, waɗanda ba sa ginuwa sai an taka ƙasa an yi gumi wata da watanni. Bitar zuci ba za ta ƙara wa mutum ɗigon jini ɗaya ba. Iyakar abin da na nema a wurinta shi ne kada in sake ajiye ƙarfin da nake da shi a gefen hanya in hau babur.

Mafi yawan kwanakin a kan kilomita ɗaya tak suka ƙare. Kowace safiya sai in wuce kukar nan mai karyayyen reshe, in fara hawa, in kira gajiyar da gangan: cinyoyi su yi nauyi, rana ta cika mini ido, bayan abokaina ya yi ta ƙanƙancewa a gabana. Sannan in saurari muryar nan, da kalmominta na ranar Oktoba ba tare da na tausasa su ba. Bambancin shi ne yanzu akwai abin yi a jere. Idan ta ce saura 5, ba zan yi lissafi da ita ba, zan sauke ido zuwa taku 20 a gabana. Idan ƙafa ta yi nauyi, zan rage faɗin taku, in saki kafaɗu, in buɗe tafin hannun da na dunƙule. Idan ta ce wa ya aike ka, zan ce mata “na san ki”, in ƙirga taku 100, idan sun cika in sake wani ɗarin. Malam ya ce kalmar da mutum zai riƙe kada ta wuce abin da zai iya furtawa yana haki. Ya kuma ba ni labarin Michael Phelps, ɗan ninƙayar Amurka, wanda ruwa ya cika masa tabarau a tseren mita 200 a gasar Olamfik ta Beijin a 2008, har ya daina ganin bango, amma ya koma ƙirga bugun hannu kamar yadda ya saba bitawa, ya ci zinare ya kuma kafa sabon tarihin duniya.

Uwargida ce ta fara nuna rashin jin daɗinta. Ta leƙo zaure wata safiya ta gan ni sanye da takalmi, ido rufe, fuska a murtuke, da na yi mata bayani sai ta ce, “Malam, wannan ai kiran wahala ne. Fata nagari lamiri. Me zai sa mutum ya zauna yana saƙa wa kansa gazawa?” Na ce mata mai yaɓen soro da gyaran indararo kafin damina ba shi ya kira ruwa ba. Ba ta gamsu ba, kuma daga baya na gane tana da gaskiya ta wani gefen. Sau biyu ƙararrawar makaranta ta sa na katse bitar ina tsakiyar hawan, kuma duk ranakun biyu na wuni da ƙunci da faɗuwar gaba idan na tuna hanyar. Da na kai wa Malam maganar sai ya kafa mini doka: kada in kuskura in buɗe ido a wurin wuya. Ko lokaci ya ƙure, sai na haye, na ji numfashi ya dawo, na ga alamar 14, sannan in tashi.

Akwai wata bitar da ya tilasta mini wadda ban so ba, ita ce bitar tsayawa. Ya ce wanda ya koyi toshe kunne daga muryar gajiya yana iya toshe shi daga muryar da ya kamata ya ji, kuma a ƙasar da zafin bazara ke haura digiri 40 wannan ba abin wasa ba ne. Jiki magayi, in ji shi, amma sai mutum ya san harshensa. Nauyin ƙafa da haki da ƙosawa, waɗannan a wuce su. Jiri kuwa, ko ciwon ƙirji, ko mutum ya ji sanyi yana ratsa shi cikin rana, ko ya rasa a kilomita nawa yake, ko idon sawun nan ya yi suka mai kaifi, waɗannan a tsaya nan take, a nemi inuwa da ruwa. Ya sa na sawwara kaina ina tsayawa saboda su, ina ɗaga wa ƙanena hannu, ba tare da kunya ba. Ga mai hawan jini a bakin ƙofa irina, wannan ce bitar da ta fi kowace muhimmanci, ko da yake Allah bai sa na buƙace ta ba.

Da aka kwance ƙafar na koma hanya a hankali, tafiya da farko, sannan sassarfa, har na dawo kwana 4 a mako, dogon gudun Lahadi yana ƙaruwa daga kilomita 8 zuwa 14 cikin Disamba. Bitar ta ragu zuwa sau 3 a mako, minti 10. Wani abu guda kuma na gyara saboda binciken Samuele Marcora da abokan aikinsa na 2009, inda mutanen da aka gajiyar da ƙwaƙwalwarsu da aikin kwamfuta na minti 90 suka sare a kan keken gwaji da wuri, da kusan kashi 15 cikin 100, alhali bugun zuciyarsu da tsokarsu ba su nuna wani bambanci ba. Aikin ne kawai suka ji ya fi musu wuya. Na tuna cewa daren Asabar ɗin Oktoba na kai ƙarfe 12 ina gyaran takardun aji biyu. A wannan karon na gama gyara tun ranar Alhamis.

Mun sa ranar Lahadi ta biyu a Janairu don sake bin hanyar Miriya. Muka tashi ƙarfe 6 da minti 10, gari bai gama wayewa ba, sanyi yana cizon kunne, ƙanena yana biye da mu a babur da ruwa da dabino. Kilomitocin farko sun zo kamar yadda na san su, har hayaƙin ƙosai yana inda na bar shi, kuma da abokaina suka ɗaga ƙafa tun a bakin gari ban bi su ba, domin na riga na ga wannan sau da yawa na kuma ga kaina ina ƙyale su. Amma hanya ba ta yi mini biyayya har ƙarshe ba. Hazo ya sauko da kauri a daren, don haka ranar da na yi makonni ina shirin karo da ita ta fito fara fat kamar faranti, ba ta da zafi, sai dai itatuwan da nake auna tafiya da su sun ɓace, ba na ganin alama sai na zo dab da ita. Iska kuma ta fi yadda na zata ƙarfi. A kilomita 9 wata suka ta kama ni a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, abin da ko sau ɗaya ban sa a bita ba, kuma da na waiga neman ruwa babu ƙanena, ashe taya ce ta yi masa faci tun a kilomita 7.

Na ji tsoro ya taso, ba zan ce ban ji ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, ko da yake matsalar baƙuwa ce, jikina ya kama aikin da ya saba ba tare da na umarce shi ba: taku ya gajarta, kafaɗu suka sauka, ido ya koma taku 20, ƙirga ta fara. Na bi alamomin da Malam ya lissafa ɗaya bayan ɗaya, babu jiri, babu ciwon ƙirji, na san inda nake. Na danna wurin da yatsu ina fitar da numfashi mai tsawo, kuma wajen ɗari na huɗu sukar ta lafa. Ƙanena ya cim mini a kilomita 11 yana ta ba da haƙuri, “Yaya, wallahi ƙusa ce,” na karɓi ruwa na kurɓa sau uku, na jefa dabino biyu a baki.

Kukar ta fito daga cikin hazo a hannun dama, reshenta a rataye. Na fara hawa. Muryar ta zo daidai inda ta saba, da kalmominta, saura 5, wa ya aike ka, amma bayan na ji ta kusan sau 40 a zaure sai ta zo mini kamar sallamar maƙwabcin da kullum yake zuwa aro. Na ce mata na san ki, da ƙarfi har wani mai amalanken shanu ya waigo. Na wuce dogon yaron da na zauna a gindinsa a Oktoba ina kan taku na 60 da wani abu, ban dube shi sau biyu ba don kada ƙirga ta ɓace mini. Daga 15 zuwa 17 ne na sha wuyar da ta fi ta hawan, cinyoyi kamar an ɗaura musu turmi, kuma wannan yankin ban ba shi haƙƙinsa a bita ba saboda na ɗauka wanda ya haye 13 ya gama. Da ɗari-ɗari na bi shi.

Na shiga Miriya bayan awa 1 da minti 56. Ranar kasuwa ce, kowa yana ta kansa, masu tukwane suna sauke kaya, babu wanda ya tafa, sai wata tsohuwa da ta dube ni ta tambayi ƙanena ko lafiya, wa ya biyo ni. Biyu daga abokaina sun riga ni da kusan minti 10, na ukun ya iso bayana. Muka zauna a kan benci muka sha fura, hannuna yana rawa har sai da na riƙe kwanon da hannu biyu.

Da la'asar na je Zengo ina ɗingishi. Malam bai tambaye ni lokacin da na yi ba. Ya ce in rufe ido in faɗa masa abin da ke hannun dama a kilomita 12, na faɗa masa kukar da reshenta, da rairayin da ke gindinta, da wata turbar shanu da ta ratsa ta bayanta. Na faɗa masa sukar kilomita 9 da wuyar 15 zuwa 17, ya ce in rubuta su a littafin tun ban manta yadda suke a jiki ba. Sannan ya ce, “To, idan ka juyo daga Miriya ka fuskanci yamma, rana tana bayanka, ƙafarka ta riga ta ci 18, me ke hannun damanka a kilomita na farko?” Na rufe ido na daɗe, ban ga komai ba. Kafin in bar gidan na kira ƙanena na ce ya sa a duba tayar nan da kyau, ranar Asabar da sassafe za mu koma da littafi.